Kwanciya Rub da Ciki da Matsin Jini a Tiyatar Ƙashin Bayan Yara

Gabatarwa

A garuruwan Ikara da Maƙarfi da Kudan, kamar sauran sassan ƙasar Hausa, akan ga yaro ya fara tsiro doro, ko yarinya ta tasa kafaɗarta guda ta fi guda tudu. Sanadin wannan yakan kasance tarin fuka da ya kama ƙashin baya, cutar da likitan Ingila Percivall Pott ya bayyana a 1779, ko illar shan inna da ta kama yaro tun yana ƙarami, ko kuma karkacewar da ke bayyana lokacin balaga. Idan karkacewar ta kai digiri 45 zuwa 50, likitoci sukan fara batun tiyata, kuma akan tura irin waɗannan yara manyan asibitoci kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. A wannan aiki, yadda aka kwantar da yaro kan gadon tiyata yana iya zama sanadin ya tashi da ƙafafunsa ko ya rasa su.

Laka da Abincinta

Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33, kuma ta tsakiyarsu laka ta ratsa, wato igiyar da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi. Laka ba ta jure rashin iskar oksijin. Jijiyoyin jini uku ne suke bin tsawonta, ɗaya ta gaba da biyu ta baya, kuma ta gaban ita kaɗai ce ke shayar da sashen da ke sarrafa motsi. Yayin da likita yake miƙe ƙashin da sandunan ƙarfe, dabarar da Paul Harrington ya ƙirƙiro a Amurka ya kuma wallafa a 1962, jijiyoyin nan sukan miƙe su ƙara sirancewa. Idan a wannan lokaci matsin jini ya faɗi, laka takan rasa abincinta, ƙafafu su shanye.

Illar Danne Ciki

Da yake ta baya ake shiga, dole ne a kwantar da yaro rub da ciki. Duk wanda ya taɓa noman rani a fadamun rake na Maƙarfi ya san abin da ke faruwa idan aka taka tiyon ban ruwa: ruwan da ke isa gona yakan ragu, saura kuma ya nemi duk wata ɓaraka ya tsiyaye. Haka abin yake a jikin ɗan Adam. A cikin ciki akwai babbar jijiya mai laushi wadda ke mayar da jinin ƙafafu da ƙugu zuwa zuciya. Idan nauyin jiki ya danne ta, jinin da ke komawa zuciya yakan ragu, kuma zuciya ba ta iya fitar da abin da bai shigo mata ba, sai matsin jini ya sauka.

Jinin da aka tare kuwa yakan karkata zuwa wasu ƙananan jijiyoyi da ke kewaye da ƙashin baya, waɗanda Oscar Batson ya yi bayaninsu a 1940. Ba su da marfin da ke hana jini komawa baya, don haka sukan cika su kumbura daidai inda likita yake aiki, zubar jini ta ƙaru. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yaro, domin jinin jikinsa bai wuce mililita 70 zuwa 80 ba a kowane kilo na nauyinsa. Yarinya mai kilo 30 ke nan tana da abin da ya ɗara lita 2 kaɗan, asarar rabin lita kuwa ta kusa rubu'in jininta. Bugu da ƙari, maganin sa barci shi kansa yana saki jijiyoyin jini, kuma ƙirjin yaro mai laushi ne, yana iya lotsawa ya matse zuciya.

Matakan Kariya

A 1967 likitoci biyu, Relton da Hall, a birnin Toronto na Kanada, suka bayyana wani gado mai matasai huɗu, biyu ƙarƙashin ƙirji, biyu ƙarƙashin ƙugu, ciki kuma ya rataya bai taɓa komai ba. A kan wannan hikima ake tafiya har yau. Haka kuma akan kare idanu, domin dannuwarsu tare da faɗuwar matsin jini tana iya jawo makanta, kuma ba a ɗaga hannuwa fiye da digiri 90, don kada jijiyoyin hamata su ɗame.

A da likitocin sa barci sukan sauke matsin jini da gangan don rage zubarsa. Yanzu an gane haɗarin haka ga laka, shi ya sa ake riƙe matsin da kyau, musamman lokacin miƙe ƙashin. A 1973 likitocin Faransa, ciki har da Pierre Stagnara, suka kawo dabarar farkar da majiyyaci ana tsakar aiki, a ce ya motsa yatsun ƙafarsa. Daga baya aka sami na'urorin da ke aika saƙon lantarki ta cikin laka. Idan saƙon ya raunana, matakin farko shi ne ɗaga matsin jini da sassauta sandunan, kuma sau da yawa saƙon yakan dawo. Tun kafin ranar tiyata kuwa akan auna yawan jinin yaro, a duba ko yana da sikila, a kuma tanadi jinin ƙari.

Kammalawa

Gwargwadon tsananin karkacewa, gwargwadon tsawon tiyata da yawan jinin da za a rasa. Saboda haka malaman makaranta suna da rawar takawa. Idan ɗalibi ya sunkuya, hannuwansa suna reto, aka ga ɓangaren bayansa guda ya fi guda tudu, sai a shawarci iyayensa su kai shi asibiti. Yaron da ke fama da ciwon baya mai daɗewa tare da rama da zufar dare a gaggauta yi masa gwajin tarin fuka, domin maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma idan aka fara shi da wuri yawanci ba a kaiwa ga wuƙa.