Ƙungiyar Unguwa a Birnin Zazzau: Aikinta na Mako da Kalmominta

Duk wanda ya shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka da sassafe ran Asabar ko Lahadi, musamman gab da faɗuwar damina, ba wuya ya tarar da samari sun naɗe ƙafar wando, wasu da shebur, wasu da manjagara, wasu suna tura baro, suna yashe magudanar ruwa. Ba ma'aikatan hukuma ba ne, ba kuwa 'yan ƙodago ba ne. 'Yan ƙungiyar unguwa ne, watau mutanen da suka haɗa kai don su yi wa unguwarsu abin da ya fi ƙarfin gida ɗaya. Wannan takarda za ta bayyana asalin irin wannan ƙungiya, da yadda take tafiyar da makonta, da kalmomin da take aiki da su.

Asali da suna

Tushen abin shi ne gayya. Kalmar tana ɗauke da ma'ana biyu: kiran da aka yi wa jama'a, da kuma aikin da suka taru suka yi. Daga gare ta aka gina aikatau gayyata, kamar yadda aka gina tsorata daga tsoro. A ƙauye mai gona shi ke gayya, ya ciyar da mutane, makaɗi yana zuga su. Ba a biyan kowa lada, sai dai ran da wani ya yi tasa gayyar a rama masa. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya tarar ana wannan al'ada. Cikin birni kuwa gayya takan faɗa kan yaɓe, da gyaran masallacin unguwa, da share maƙabarta.

A zamanin En'e akwai dubagari mai zagaya gidaje, ga kuma mai unguwa wanda maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa. Da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, ikon En'e ya koma hannun ƙaramar hukuma. Jama'a kuwa ta yi ta ƙaruwa cikin ganuwa, a Kwarbai da Ƙaura da Unguwar Juma da Limancin Kona da sauransu, har aikin ya fi abin da ma'aikata za su iya. Abin da ya ragu sai ya faɗo kan mazauna unguwa.

Sunan da ake kiran taron ma yana da tarihi. Jam'iyya kalmar Larabci ce, da can ana kiran kowane irin haɗin kai da ita. Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda Zariya ke cikin garuruwan da ta tsiro a 1948, ba ta zama ta siyasa ba sai 1951. Daga nan siyasa ta riƙe kalmar, har yau in an ce jam'iyya ba abin da ke faɗo wa mutum a rai sai zaɓe. Kulob, wadda aka aro daga Turanci, ta fi zama a bakin 'yan ƙwallo. Saboda haka ƙungiya ita ta rage wa masu aikin taimakon kai da kai.

Taron mako

Galibi akan zauna sau ɗaya a mako, bayan sallar isha'i, a zauren wani dattijo ko cikin ajin makarantar firamare. Da addu'a ake buɗewa, da ita ake rufewa. Sakatare, wanda wasu ke kira magatakarda, ya karanta abin da aka zartar wancan mako. Sa'an nan ma'aji ya buɗe littafi, a kira suna ɗaya ɗaya, kowa ya ba da kuɗin mako. Wanda ya makara ko ya yi fashi ba dalili a ci shi tara. Mai karatu zai lura sunayen muƙaman sun gauraya: sakatare da kwamiti baƙi ne, ma'aji kuwa ɗan gida ne, daga ajiye aka ciro shi. Bisa dukansu akwai uban ƙungiya, dattijon da ba ya ɗaukar shebur, amma shi ke raba gardama, shi ke shiga gaba in za a je gun mai unguwa ko hakimi.

Daga Litinin zuwa Alhamis

Waɗannan ranakun sana'a ne, kowa yana wajen neman abincinsa, aikin ƙungiya ba ya fitowa fili. Amma fa bai tsaya ba. In an kwantar da ɗan unguwa a asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko aka wuce da shi asibitin koyarwa na Shika, akan tura mutum biyu ko uku dubiya da ɗan abin da aka cire daga asusu, in ana neman jini a yi cigiya cikin samari. Inda ɓarayi suka dami mutane akan raba kwanan sintiri. Wannan kalma ita ma daga bakin sojan Turawa ta shigo. Mutuwa kuwa ba ta da rana. Da yake ba a jinkirta jana'iza, da an ji rasuwa sai wasu su nufi maƙabarta da diga, wasu su ɗauko makara, wasu su shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida don masu ta'aziyya.

Jumma'a

Ran Jumma'a ta 'yan agaji ce, masu kayan sarki, waɗanda ke ƙarƙashin ƙungiyoyin addini, da yawansu kuwa 'yan ƙungiyar unguwarsu ne. Su ke gyara sahu, su tsare hanya, su kama hannun tsoho da makaho. Babban masallacin da ke Ƙofar Fada, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wani sashensa ya rufta ran Jumma'a 11 ga Agusta 2023 ana sallar la'asar, aka yi hasarar rayuka. A irin wannan sa'a, kafin motar hukuma ta ratso lungunan birni, na kusa su ne masu kai ɗauki.

Asabar da Lahadi

Nan ne gayya take fitowa da kamanninta na dā. Dalilin yashe magudana ba ƙawa ba ne. Tsofaffin gidajen birni da tubali aka gina su, ƙasar kuwa daga kududdufai aka haƙo ta, su kuma kududdufan su ke shanye ruwan sama. An cike da yawansu an yi gini a kai. In leda da yashi suka toshe lambatu, ruwan Agusta ba shi da wurin zuwa sai gindin katanga, ya jiƙa ta har ta zauna, wani lokaci da mutane a ɗaki. Don haka akan sanar da mai unguwa, a yi shela a masallaci, a fito bayan sallar asuba. Matan gidaje su aiko da koko da ƙosai, mai hali ya ba da kuɗin motar kwashe shara, gama dattin da aka tara a bakin lambatu, in ya kwana biyu, ruwa zai mai da shi inda ya fito.

Abin da ke kashe ƙungiya

Abu biyu ne suka fi rusa ta. Na farko kuɗi: ran da ma'aji ya kasa karanta lissafi gaban jama'a, mako mai zuwa zauren ba zai cika ba. Shi ya sa masu hankali ba su yarda mutum ɗaya ya taɓa asusu sai da sa hannun biyu ko uku. Na biyu siyasa: ɗan takara ya kawo shebur da baro kyauta, rabin 'yan ƙungiya su ce an sayar da su, su janye. Wadda ta tsira daga waɗannan biyu takan daɗe har samarin da suka kafa ta su zama iyayenta, 'ya'yansu su karɓi shebur. Hausawa dai sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.