Gyaran Hanya da Bokitin Tarakta: Kada Mu Karya Kayanmu

'Yan'uwa manoma, tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya rufe tsofaffin gonaki, mutanenmu da yawa suka koma sababbin garuruwa a bakin tabki. Daga can ake fito da albasa da shinkafa zuwa kasuwar Yelwa, amma kowace damina sai ta ɓata hanyoyin. Shi ya sa ƙungiyoyinmu na Birnin Yauri, Ngaski da Shanga suke sa tarakta mai bokiti a gaba ta daidaita hanya. Sai dai mu tuna, an ƙera bokitin domin ɗiba da ɗagawa ne. Shi ba gireda ba ne.

Ga inda ɓarna take fitowa. Idan direba ya kifa bokiti gaba ɗaya, sandunan silinda masu juya shi sukan fito iyakar tsawonsu. In ya ja da baya a haka, bakin bokiti ya kama dutse ko kututture, duk ƙarfin tarakta a kan sandunan zai sauka. Sanda ta lanƙwashe, ta yayyage roba, mai ya yi ta zuba. Haka kuma in kusurwa ɗaya ce ta kama, hannuwan bokitin sukan murɗe, ba zai ƙara zama daidai a ƙasa ba.

Abin da ya kamata mu yi:

1. A bi hanyar da ƙafa tukuna, a cire duwatsu da kututture.
2. Jar ƙasa ta rani ta yi tauri. A jira ta sha ruwa kaɗan, ko a fasa ta da garma.
3. Bokiti ya kwanta kusan shimfiɗe, a karkata bakinsa kaɗan kawai.
4. In levar tana da wurin sakin bokiti ya bi ƙasa da nauyinsa, a sa ta nan lokacin ja da baya.
5. Kada a danna bokiti har ƙafafun gaba su tashi. Sitiyari ba zai kama ba.
6. A shiga ƙaramar giya, a riƙa shafe ƙasa kaɗan-kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa.
7. A sa giris a mahaɗai kafin a fara aiki.

Kada kowa ya shiga ƙarƙashin bokitin da ke sama. Kada kuma a laluba tiyo da hannu ana neman yoyo, gama man yana iya huda fata. In an tashi aiki, a sauke bokiti ƙasa.

Taraktar nan da kuɗinmu duka aka saye ta. In ta kwanta a farkon damina ana jiran kayan gyara, gonar kowa ce za ta makara. Shugabannin ƙungiya su karanta wa direba wannan a taro mai zuwa.