Noman da babu ƙasa: idan famfo ya tsaya a Barade, sa'o'i kaɗan ne tsakanin riba da asara

Daga Abuja zuwa Jalingo tafiyar wuni guda ce a mota. Latas ɗin da ke tsaye a cikin bututu kuwa ba zai jira wuni guda ba. Wannan lissafi ne ya kamata ma'aikacin gwamnatin tarayya ya fara yi kafin ya zuba kuɗin da yake tarawa domin ritaya a noman da babu ƙasa, a filinsa na unguwar Barade.

Sha'awar ba ta rasa dalili ba. Tun da gwamnatin Darius Ishaku, wadda ta mulki Taraba daga 2015 zuwa 2023, ta gina katafaren gidan noman kayan lambu a cikin rumfuna a Jalingo, mutanen gari suka ga cewa kokwamba tana iya fitowa ba tare da jiran damina ba. Sai dai wannan noma iri biyu ne. A wani, ruwan taki yana kwance a mazubi, shuka tana sha a hankali. A ɗayan, famfo ne ke tura ruwan ya zagaya saiwoyi ya komo tanki. Mafi shahara a nan shi ne tsarin da Allen Cooper ya ƙirƙiro a Ingila, inda siririn ruwa ke malala a gindin bututu. Shuka tana saurin girma, amma ranta yana hannun famfo.

A gona, ƙasa tana riƙe danshi na kwanaki. A bututu babu abin da ke riƙe komai. Famfo yana tsayawa saiwa ta fara bushewa, kuma da tsakar ranar Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Jalingo ke kusantar digiri 40, sa'o'i kaɗan sun isa shuka ta langaɓe. Mutanen garin ba su manta da Afrilun 2024 ba, lokacin da ɓata-gari suka lalata turakun babban layin lantarki na Jos zuwa Gombe, Arewa maso Gabas ta kwashe makonni cikin duhu. Janareta kuma, tun cire tallafin fetur a Mayun 2023, ya zama baƙo mai cin tuwon gida. Famfon irin wannan lambu ba ya jan wuta da yawa, don haka sola da batir ya dace su zama tushe, wutar gwamnati ta zama ƙari. A ajiye famfo na biyu kusa da tanki, ba a shagon kasuwa ba.

Asara ta biyu ba ta zuwa da hayaniya. Ruwa yana ɗumi, iskar oksijin da ke cikinsa tana raguwa: kimanin miligiram 9 a lita a digiri 20, ƙasa da 8 a digiri 30, alhali a zafin ne saiwa ta fi buƙatarta. A nan cutar ruɓewar saiwa ta Pythium ke samun gindin zama, kuma da yake ruwa ɗaya ke zagaya kowace shuka, abin da ya kama ɗaya yakan kai ga saura. Baƙin tankin roba da aka girke a rana, irin na saman gidajenmu, shi ne ke dafa ruwan. A binne shi ko a yi masa inuwa. Farar saiwa lafiya ce. Idan ta koma ruwan ƙasa tana yauƙi, an makara ko ana gab da makara. Ma'aunin tsami na pH kuma a riƙe shi tsakanin 5.5 da 6.5, ana dubawa kullum.

Ga wanda ke zaune a Abuja, tsarin da ya fi hikima shi ne mai haƙuri da kuskure: bokitai cike da ɓawon kwakwa ko ƙonannen buntun shinkafa, wanda ba ya wuya a Taraba, ana ɗiga musu ruwa. Waɗannan suna riƙe danshi bayan famfo ya mutu, su bai wa mai gadi lokacin ɗaukar bokiti ya shayar da hannu. Kuma a raba lambun tanki biyu ko uku, domin cuta ko toshewar bututu ta tsaya a sashe guda.

Saura batun mai kula. Hoton koren ganye da ake turo wa maigida ta WhatsApp ba ya nuna komai, domin ganye ne ƙarshen abin da ke bayyana ciwo. Hoton da ya kamata ya nema kowace safiya shi ne na saiwa, da na ma'aunin zafi a cikin tanki.