Ba Beli Ba Ne, Ku Daina Kiran Wanzami

Daga Kawo har Unguwar Rimi magana ɗaya nake ji, kuma ta ishe ni. Da zarar jariri ya fara wata ƙara kamar fito in ya ja numfashi, sai a ce beli ne ya sauko, a nemo wanzami. Haba jama'a! Beli yana ƙuryar baki, duk wanda ya haska bakin yaro zai gan shi. Ƙarar kuwa daga can ƙasa take fitowa, a maƙogwaro, inda aska ba ta kaiwa.

Akwai yaran da ake haifa da hanyar iska a matse. Galibi naman saman maƙogwaro ne ke da taushi, ya riƙa ruftawa ciki duk sanda yaro ya ja iska. Wasu kuma ƙasan wurin murya ne ya tsuke. Faɗin wurin a sabon jariri bai wuce milimita 4 zuwa 5 ba, kusan ramin tsinken shan lemo.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne taushin nan yakan bayyana cikin mako 2 na farko, ya tsananta tsakanin wata 4 da 8, sannan a yawancin yara ya tafi da kansa kafin shekara 2. Sai kaka ta ce, "Ai tun da aka cire belin ya samu sauƙi." Ko ba a cire ba, zai samu, Hajiya. Abin da yankan ya ƙara shi ne jinin da zai iya gangarawa huhu, da kumburi a hanyar da dama ba ta ishi iska ba, da cutar sarƙewar haƙora in askar ba tsabta. Ga raɗaɗin da ke hana jariri kama nono, alhali da ƙyar yake tsotso tun farko.

Kaɗan ne ke kaiwa ga tiyata. Likita yakan leƙa da siririyar kyamara, in ta kama ya rage naman ta baki, ba tare da yanka wuya ba. In tsukewar ta yi tsanani, ana ɗauko guringuntsi daga haƙarƙarin yaron a faɗaɗa wurin, wani lokaci a sa bututu a wuya kafin nan.

In kuka ga ƙasan wuya ko ƙirji yana loɓawa da kowane numfashi, ko yaro yana sarƙewa da nono, ba ya ƙiba, ko leɓensa ya sauya launi, kada ku tsaya kemis, kada a turara masa hayaƙi ko a shafa man zafi a hanci. Ko da tsakar dare ne a nufi Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. Ga kuma Asibitin Kunne na Ƙasa kusa da titin Independence, tun 1999 yake nan, kuma har hanci da maƙogwaro yake dubawa. Kafin ku tafi ku ɗauki bidiyon numfashin a waya, ƙirjin a buɗe, domin yaro yakan yi shiru a gaban likita.