Wa Ya Ga Sawun Akuyar? Yadda Muke Gwada Lura a Wasan Labari



Tun farkon wannan zangon karatu ake tambayar mu abin da muke yi a gindin dogon yaro bayan an tashi, mu shida da hula ɗaya da 'yan takardu a ciki. Wasu sun ce caca muke yi. Wasu sun ce tatsuniya ce da rana tsaka, har da mai tuna mana cewa mai yin tatsuniya da rana ɓata yake yi. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani a wannan fitowa, kowa ya karanta ya yi mana hukunci da kansa.

Mene ne wasan labari?

Wasa ne da ake yi a zaune, da baki. Mutum ɗaya ne mai jan labari, shi ke faɗin inda ake da abin da ke faruwa. Sauran kowa ya zaɓi wanda zai zama: wannan maharbi, wannan makiyayi, wannan falke, wannan mai tallan fura. A tatsuniya, mai bayarwa ya riga ya san ƙarshe. In Gizo zai sha duka, sai ya sha, ko masu sauraro sun so ko sun ƙi. A wasan labari kuwa masu sauraron ne ke cewa "zan shiga" ko "zan gudu", labarin kuma ya bi abin da suka zaɓa.

Wanda ya fi shahara a irin wannan wasa sunansa Dungeons & Dragons. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a Amurka a shekarar 1974, kuma har yau ana yin sa a ƙasashe da yawa.

Mene ne gwajin lura?

A cikin labari akwai abin da yake a ɓoye: sawu a ƙasa, rami da aka rufe da kara, ko motsin wani a bayan danga. Tambayar ita ce, ɗan wasa ya lura ko bai lura ba? In mai jan labari ne zai riƙa yanke wannan da son ransa, za a ce yana fifita abokinsa. Saboda haka ake barin ƙuri'a ta raba gardama.

Masu Dungeons & Dragons suna jefa dayis mai fuska 20. A dokokinsu na shekarar 2014, abu mai sauƙi yana buƙatar maki 10, matsakaici 15, mai wuya 20. Ana haɗa lambar da ta fito da makin gwanintar mutum. Misali, mai maki 3 da ke neman 15 sai ya samu 12 ko sama, wato fuska 9 cikin 20 ce za ta fisshe shi.

Mu da farko dayis ɗin lido mai fuska 6 muka ara. Amma mun san manyanmu da yawa ba sa son ganin dayis a hannun yara ko da babu kuɗi a tsakani, kuma muna girmama ra'ayinsu. Sai muka yanka takardu 6, muka rubuta 1 zuwa 6, muka naɗe muka zuba a hula. Lissafin ɗaya ne, muddin ana mayar da takardar bayan an ciro. Babu kuɗi, babu wanda ke cin wani, duka 'yan wasa ɓangare ɗaya suke. A wurinmu abu mai sauƙi 3 ne, matsakaici 4, mai wuya 5. Maharbi yana da ƙarin maki 1 a daji, falke yana da ƙarin maki 1 a kasuwa.

Ranar da wasan ya kusa mutuwa

Labarinmu na farko a kan akuyar wata tsohuwa ne. Ita kaɗai ta mallaka, tana shirin sayarwa ta saya wa jikanta magani, sai aka wayi gari babu akuya. Aikin 'yan wasa su nemo ta kafin magariba. Mai jan labari ya ajiye alama ɗaya tak: sawun akuyar a bakin rijiya, ya nufi fadama. Ya ce abu ne mai wuya, sai an samu 5.

Aka ciri ƙuri'a, babu wanda ya kai. Muka yi ta zagaye gari a cikin labarin, mu tambayi wannan mu tambayi wancan, babu hanya. Makiyayi ya ce, "Yaya, ni fa da awaki na tashi, yaya za a yi in tsaya a bakin rijiya in kasa ganin sawu?" Mai jan labari ya ce doka ce. Gardama ta kaure, mutum biyu suka ɗauki jakunkunansu suka tafi. Mako guda ba mu sake zama ba.

Da muka huce muka gane cewa laifin tsarinmu ne. Ga dokokin da muka tsayar bayan haka.

Dokokinmu shida

1. Abin da ke a fili, a faɗe shi kawai. Ba a cirar ƙuri'a don ganin ƙofa a buɗe ko hayaƙi na tashi. Ƙuri'a ta abin da aka ɓoye ce, wanda kuma rashin ganinsa zai jawo wani abu.

2. Wanda ya faɗi inda zai duba da yadda zai duba, in abin yana wurin, ya samu. In mai tallan fura ta ce, "Zan ɗaga tabarmar in duba ƙarƙashinta," kuma makullin yana can, shi ke nan ta gani. Ƙuri'a ta wanda ya ce "ina dube-dube" ce kawai. Wannan doka ce ta sa kowa ya koma sauraro da kyau.

3. Kada a rataye labari a kan alama ɗaya. Wani marubucin wasanni mai suna Justin Alexander ya ba da shawarar a ajiye aƙalla alamomi uku ga duk abin da ake so 'yan wasa su gano. Mun lissafa da taimakon malamin lissafi: in damar ganin kowace alama rabi ce, damar rasa duka ukun 1 ce cikin 8. Don haka bayan sawu, sai a ƙara guntun igiya a jikin ƙaya, da yaron da ya ji kukan akuya da asuba.

4. Faɗuwa kada ta tsayar da labari, sai dai ta jawo hasara. Wanda bai kai lambar ba zai iya ganin sawun, amma bayan ya ɓata lokaci, ko bayan shanu sun tattake rabinsa, ko ya taka ƙaya ya koma ɗingishi. Labarin na tafiya, wahala ce ta ƙaru.

5. Ba kowa ke cirar ƙuri'a a kan abu ɗaya ba. In mutum 4 suka gwada abin da damarsa rabi ce, damar su faɗi gaba ɗaya 1 ce cikin 16. Ke nan gwajin ya zama na banza. Mutum ɗaya ke cira, in wani ya faɗi yadda zai taimaka masa, a ƙara maki 1. Kuma ba a maimaitawa sai wani abu ya canza, kamar a samo tocila.

6. Wani gwajin a ɓoye ake yin sa. In aka ce "ciri ƙuri'a" ka ciro 1, sannan aka ce ba ka ga komai ba, ai kowa ya san akwai wani abu a wurin. Masu Dungeons & Dragons suna da lamba ta dindindin, wato 10 a haɗa da makin mutum, da mai jan labari ke dubawa ba tare da ya faɗa ba. Mu kuwa mai jan labari ne ke cira da kansa a ɓoye, wani lokaci ma ya cira alhali babu komai, don kada a gane shi.

Yawon bincike

Lura ba ta da amfani in wurin babu abin lura. Saboda haka mai jan labari yana zana taswira a takarda kafin a zauna: rijiya, fadama, makabarta, kasuwa, hanyar Tambuwal. 'Yan wasa ba sa ganin tasa, su ke zana tasu da abin da suka ji.

Duk wurin da aka isa, yana faɗin abu uku, kuma ba na ido kaɗai ba: warin hayaƙi, ƙarar injin ban ruwa, laushin ƙasa. In hanya ta rabu biyu, ba ya cewa "dama ko hagu?" ya yi shiru, don wannan canki-canki ne. Sai ya ce ta dama akwai ɗanyen kashin shanu, ta hagu kuma ciyawa ta rufe ta. Yanzu akwai abin da za a yi tunani a kai.

Muna kuma ajiye tsakuwa 6 a tsakiya a matsayin lokaci. Duk bincike mai tsawo, a ɗauke ɗaya. In suka ƙare, magariba ta yi. Wannan ne ke hana mu tsayawa muna lalube kowane lungu.

Da muka sake zama

Mun maimaita labarin akuyar da sababbin dokoki. Ƙaramarmu, 'yar aji ɗaya wadda a da ba ta cewa uffan, ita ta tambaya, "Yaya, akwai gonar da aka ci ganyenta a hanya?" Akwai kuwa, gonar wake ce. Babu ƙuri'ar da aka cira. Muka bi ta nan muka tarar da akuyar ɗaure a gidan mai gonar, yana neman diyyar wakensa, saura tsakuwa ɗaya. Yadda falke ya yi ciniki da shi, wannan sai wata fitowar.

Mutum biyun da suka yi fushi sun dawo. Duk mai son gwadawa ya same mu a gindin dogon yaro bayan an tashi, ya zo da biro da takarda. Malamanmu ma muna gayyatar ku, ku zo ku gani da idonku, in akwai gyara ku yi mana.

Daga wakilin Ƙungiyar 'Yan Jarida, ƙaramar sakandare.