Fumfuna Mai Korar Fumfuna

'Yan'uwa manoma, kowanenmu ya san gyaɗa mai ɗaci, wadda in ka tauna sai ka tofar. Mun san kuma masarar da ta yi kore-kore a bakin zangarniya bayan tsutsa ta huda ta. Yawancinmu mukan ɗauka ƙaramar ɓarna ce, mu tsince ta mu zuba wa kaji, ko kuwa mu kai ta inji tare da mai kyau. A wannan fitowa muna so mu bayyana abin da masana suka gano cikin wannan fumfuna, da kuma maganinta da suka samo cikin ƙasar gonakinmu.

Dafin da ba ya ganuwa

A shekarar 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila cikin 'yan watanni. Da aka bi sawu sai aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka kawo daga Burazil ta kashe su. A cikinta aka sami wata fumfuna da masana ke kira Aspergillus flavus, dafin da take yi kuwa aka sa masa suna aflatoksin.

Wannan fumfuna tana zaune cikin ƙasa. Takan shiga gyaɗa da masara tun suna gona, musamman in ruwa ya ɗauke kafin amfani ya nuna, ko in ƙwari sun huda shi. In an zuba hatsi a rumbu da sauran danshi, sai ta ci gaba da yaɗuwa. Dafin ba ya ganuwa da ido, hatsi yana iya zama fes amma yana ɗauke da shi. Dafuwa ba ta kashe shi, suya ma haka. In saniya ta ci dusa mai dafin, yakan fito cikin nononta.

Hanta ce yake fi kamawa. A shekarar 2004 a gabashin Kenya mutum 317 suka kwanta bayan sun ci masarar da suka noma da hannunsu, 125 daga cikinsu suka rasu. Wanda yake cinsa kaɗan-kaɗan shekara da shekaru kuwa yana cikin hatsarin sankarar hanta, balle in yana da ciwon hanta irin na B. Wani bincike da aka buga a 2002 kan yara 480 a Benin da Togo ya nuna cewa yaran da suka fi tsumburewa su ne suka fi yawan dafin a jininsu. Mu tuna kunun gyaɗa da kokon masara su ne abincin yaye a gidajenmu.

Abin da masana suka gano

Ga abin mamaki cikin halittar Allah. Ashe ba dukan dangin wannan fumfuna ne ke yin dafi ba. Akwai waɗanda kamarsu ɗaya da masu dafin, abincinsu ɗaya, mazauninsu ɗaya, amma ba sa yin dafi ko kaɗan. Wani masani na Ma'aikatar Gona ta Amurka, Peter Cotty, ya gwada a gonakin auduga na jihar Arizona, ya ga cewa in aka yawaita marar dafin a gona tun da wuri, sai ta riga mai dafin kama wuri. Kome da ya rage wa mai dafin kaɗan ne, gama wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi.

Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta ɗauki wannan dabara, amma ba ta kawo fumfunar Amurka ba. Masananta sun tara samfur sama da 4,000 daga masara da ƙasar gonakin Nijeriya, suka gwada su ɗaya bayan ɗaya, suka zaɓi iri 4 marasa dafi. Da su aka haɗa maganin da ake kira Aflasafe, wanda hukumar NAFDAC ta yi wa cikakkiyar rajista a 2014. Gwajin da aka yi shekara 10 a gonakin manoman Nijeriya ya nuna yana rage dafin da kashi 80 cikin 100 ko fiye, a lokacin girbi har zuwa cikin rumbu.

Yadda ake aiki da shi

In kun buɗe buhunsa za ku ga dawa ce, amma shuɗiya. An gasa ta domin kada ta tsiro, aka shafe ta da ƙwayoyin fumfuna marar dafi, aka rina ta domin kada wani ya ɗauke ta abinci. Ana watsa ta da hannu, kilo 10 a kadada, watau kilo 4 a eka. A gonar masara lokacinsa shi ne mako 2 zuwa 3 kafin ta fid da fure. A gonar gyaɗa ku bi lokacin da malamin gona zai nuna muku. A gama noma da huɗa tukuna, a watsa sa'ad da ƙasa ke da laima, kada kuma a binne ta. Cikin 'yan kwanaki fumfunar za ta tsiro a kan dawar, iska da ƙwari su yaɗa ta cikin gona.

Sai mu lura, wannan ba taki ba ne, ba ya ƙara yawan buhuna. Ba ya kuma warkar da hatsin da ya riga ya kamu. Saboda haka tsofaffin ka'idodi suna nan daram. A girbe da zarar amfani ya nuna. A shanya a kan tabarma ko tamfol, ban da ƙasa tsirara. Kada a yayyafa wa gyaɗa ruwa domin ta yi saukin ɓarewa. A tsince mai ɗaci da mai fumfuna a binne ko a ƙone, kada a ba kaji, kada a yi ƙuli-ƙuli da ita.

Aikin ƙungiya

Wannan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Iska ba ta san iyakar gona ba, don haka in maƙwabta suka watsa tare, amfanin ya fi yawa. Ƙungiya tana iya tara kuɗi ta sayo a dunƙule kafin damina ta yi nisa, ta sa rana ɗaya ta watsawa, ta kuma nemi masu saye irin su masu haɗa abincin kaji, waɗanda ke son masara mai tsabta. Zumuntar mata ma tana da babban rabo, gama a hannunsu tsinta da daka da abincin yara suke.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su sa wannan magana cikin taronsu na gaba, su gayyaci malamin gona ya zo da buhu ɗaya kowa ya gani da idonsa. Hatsin da muke ciyar da iyalinmu, da wanda muke sayar wa maƙwabcinmu, da wanda muke kawowa baiko ranar godiyar kaka, amana ce a hannunmu. Ubangiji ya ba mu damina mai albarka, ya tsare lafiyar 'ya'yanmu.