Ƙarancin Bitamin da Ciwon Damuwa a Wajen Manya

 

Mu da muka tashi a zauren limami mun saba ganin magidanci ya yi sallama bayan sallar asuba da kwalbar ruwa a hannu, yana neman a yi wa iyalinsa tofi. Bayanin kusan ɗaya ne kullum: ta daina magana, abinci ba ya shiga, barci ya ƙaurace mata, ko kukan jaririnta ba ya motsa ta. Wasu su ce iska ce, wasu su ce sammu. Mafi zafi shi ne mai cewa raunin imani ne, alhali Annabi Yaƙuba ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har ganinsa ya tafi, kuma ba wanda ya isa ya tuhumi imaninsa.

Wannan hali, idan ya zarce mako biyu yana hana mutum harkokinsa, likitoci suna kiransa ciwon damuwa, a Faransanci kuma dépression. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi sun kai miliyan 280, kuma mata sun fi maza yawa. Malamanmu ma ba su jahilce shi ba. Abu Zaidi al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 ta Miladiyya, ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rashi ko hasara, da wanda yake faɗo wa mutum ba dalili, ya kuma danganta na biyun ga jiki.

To, ina ruwan bitamin a nan? Ƙwaƙwalwa tsoka ce mai cin abinci kamar sauran gaɓoɓi. Bitamin B12 da B9 suna cikin abubuwan da jiki yake bukata don ƙera jini, da kiyaye jijiyoyi, da haɗa sinadaran da suke daidaita halin zuciya. Shi B12 ana samunsa ne a nama, hanta, kifi, ƙwai da nono. Babu shi a gero ko dawa. Hanta tana ajiye shi shekaru, saboda haka ƙarancinsa yakan shigo a hankali: kasala, mantuwa, jin kamar kiyashi na tafiya a tafin ƙafa, sannan ƙuncin rai. Tsofaffi sun fi shiga haɗari domin cikinsu ba ya tsotsarsa sosai, haka ma masu ciwon sukari da suka daɗe suna shan metformine. Mu duba gidajenmu da gaskiya: wa ake tsame wa naman miya? Sau da yawa mai shayarwa da tsohuwa romo kawai suke gani.

Shi kuwa B9 yana cikin zogale, alayyafo, wake da gujiya, amma doguwar dahuwa tana kashe mafi yawansa. Akwai kuma B3, wanda rashinsa yake kawo cutar pelagra ga mutanen da masara ce kaɗai abincinsu. Fata ta yi baƙi ta tsattsage, zawo ya biyo, hankali ya rikice. Likita Joseph Goldberger ne ya fara binciken da ya nuna daga abinci take, a kudancin Amurka, tun daga 1914.

Batun bitamin D ya fi ɗaure kai. Fata ce take yin sa idan rana ta taɓa ta, kuma mai karatu zai ce ai mu ƴan Sahel rana ba ta yi mana rowa ba. Amma wani nazari da aka buga a 2020, wanda ya tattara binciken ƙasashen Afirka da dama, ya gano kusan mutum ɗaya cikin uku yana da ƙarancinsa, musamman mata da mazauna birane. Baƙar fata tana bukatar lokaci mai tsawo a rana, ga kuma masu wuni a ɗaki ko ofis. Matar da take cikin kulle tana iya samun rabonta a tsakar gida ba tare da ta keta sutura ba.

Sai dai a nan dole mu ja linzami. Gaskiya ne an sha samun ƙarancin D a jinin masu damuwa, amma wanne ya haifi wanne? Mai damuwa ba ya fita, ba ya cin kirki, don haka ciwon da kansa yana iya jawo ƙarancin. A Amurka an gwada mutum fiye da 18,000 masu shekara 50 zuwa sama, rabinsu suna shan bitamin D kullum har fiye da shekara biyar. Sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna bai rage musu kamuwa da damuwa ba. Abin da muka fahimta shi ne, cike giɓi yana taimakon wanda yake da giɓin. Wanda jikinsa ya wadata kuwa, kuɗinsa kawai zai zubar.

Shi ya sa ba mu goyon bayan sayen ƙwayoyi wajen masu tallar magani a tire. Yawan D yana tara alli a jini ya lalata ƙoda, kuma shan B9 shi kaɗai yana iya rufe alamar ƙarancin B12 alhali jijiyoyi suna ci gaba da lalacewa. Hanya ita ce a kai marar lafiya asibiti a auna jininsa, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo su ma suna kwaikwayon damuwa. Idan awo ya fito lafiya lau, ciwon yana nan da maganinsa dabam, na sha da na zama da masani a tattauna. A ci gaba da addu'a da tofi, ba su hana wannan ba. Amma ranar da kuka ji ɗan'uwa yana cewa ya gaji da rayuwa, ko gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai, kuma kada a jira gari ya waye kafin a nemi likita.